Ƙa'ida Mai Makunni

Kamfanin ɗaki uku ne, a saman wani shagon sayar da tayoyi. Duk wanda ya hawo matakalar sai ya iso da warin roba a rigarsa. Ɗaki na farko na mai kamfanin ne, wanda ma'aikata ke ce wa Oga. Na biyu na ma'aikata ne, an jera tebura a jikin bango, kowa ya ba ɗan'uwansa baya. Na uku ba shi da taga. A nan manyan kwamfutoci suke ta gurnani, kuma a nan kaɗai ake kunna na'urar sanyaya ɗaki, domin a wurin Oga inji ya fi mutum saurin lalacewa.

Abu ɗaya suke sayarwa, manhajar rumbun bayanai da suka gina da hannunsu. Aikinta ta ajiye bayanai a jadawalai masu alaƙa da juna: wannan na mutane, wancan na kaya, wani kuma ya nuna wa ya ɗauki me. Abin da ya sa ake sayenta taurin kanta ne. Idan mai saye ya kafa mata ƙa'ida, ta kafu ke nan. Ka ce mata kada lamba ɗaya ta zauna a kan abu biyu, to ko za ka wuni kana dannawa ba za ta karɓi na biyun ba. Ka ce kowane kaya sai an san mai shi, to kayan da ba shi da mai shi a bakin ƙofa zai tsaya. Ba ta jin roƙo, ba ta san babba ba.

Wadda ta rubuta sashen ƙa'idojin 'yar ƙanwar Oga ce, kuma ita ke riƙe da mabuɗi. Mabuɗin ba na ƙarfe ba ne, izini ne a cikin kwamfuta. Kowane ma'aikaci na iya rubuta gyara ko ƙari, amma babu abin da zai shiga cikin ainihin manhajar sai mai mabuɗi ya duba ya sa hannu. Ma'aikata suna ce mata Hukuma. Da farko a bayan idonta ake faɗa, daga baya aka daina ɓoyewa, ita kuma ba ta hana ba, don a ƙasan ranta sunan ya yi mata daɗi. Ba ta da ƙawa a ofis, ba ta shiga hira, ba ta da wani abin taƙama da ya wuce mabuɗin nan. Ta iya aikinta, wannan ba wanda ya musa. Sai dai ta daɗe da daina bambance tsare aiki da tsare girman kai.

Wanda ya fi kowa jin haushinta shi ne Dogo, mijin 'yar Oga. Hannunsa na da sauri, bakinsa na da zaƙi, kuma shi ake turawa wurin masu saye domin ya iya murmushi. Aibinsa ɗaya: in abu ya yi aiki sau ɗaya a gabansa, ya gama da shi har abada.

Rigimar ta taso ne a kan wani babban asibiti da yake son mayar da bayanan ma'ajiyar jininsa cikin manhajarsu. Ƙa'idojin asibitin masu kyau ne a takarda. Babbarsu ita ce, ba za a rubuta ledar jini a jerin waɗanda za a ƙara wa majinyaci ba sai tana da sakamakon gwaji a jadawalin gwaje-gwaje. Amma tsofaffin bayanansu hargitse suke. Ga ledar da ba a san wanda ya ba da ita ba, ga lamba ɗaya a kan leda biyu, ga waɗanda sakamakon gwajinsu ya ɓata tun a tsohuwar kwamfuta. Da aka zo zubawa, manhajar ta yi abin da aka gina ta ta yi, ta tofar da duk abin da ya karya ƙa'ida. Likitar da ke shugabantar ma'ajiyar ta ce ita ba za ta zubar da tarihin aikinta ba. A shigar da komai yadda yake, gyara ya biyo baya, in ba haka ba ta nemi wani kamfani.

Oga ya kira su biyun ɗakinsa.

"Makunni kawai za a saka," in ji Dogo, yana nuni da bango. "Kamar na fitila. Ƙa'ida tana nan a rubuce, ba wanda ya goge ta. Mai saye ya ga dama ya kunna, ta tsare ƙofa. Ya ga dama ya kashe, bayanai su wuce. Asibiti su zuba tsofaffin nasu, su gyara a hankali, su sake kunnawa."

"Wa ka taɓa gani ya sake kunnawa?" in ji Hukuma.

"Manyan kamfanoni ma suna da irinsa."

"To ai sai ka je can su ɗauke ka, Malam Dogo. Ka ga mun huta, su kuma sun samu."

"Ranki ya daɗe, ba dukanmu ne muka yi sa'ar samun kawu mai kamfani ba."

"Wasu sai da suka bi ta ɗakin aure kafin su samu."

Oga ya buga tafin hannu a tebur. "Ya isa haka. Ni ba fili na buɗe muku na zage-zage ba." Ya juyo wurinta. "Uwata, me ne ne laifin makunnin? Faɗa mini a taƙaice."

Haka yake kiranta tun tana ƙarama, amma yau babu taushi a cikin kiran.

"Kawu, ƙa'idar da aka rubuta ba a tsare ta ba ta fi rashin ƙa'ida muni. In babu ƙa'ida, mutum ya san sai ya buɗe ido. In tana nan a rubuce kuma tana barci, sai ya jingina da ita ya faɗi."

"Wannan wa'azi ne. Ni aibu nake tambaya, wanda za ki nuna mini da yatsa."

"Sai ya rubuta tukuna in gani."

"To, ga yadda za a yi," in ji Oga. "Shi ya rubuta, ke ki duba. In kin sami aibu na gaske, ki nuna, a gyara. In ba ki samu ba, ki sa hannu. In kuma ba ki nuna ba, ba ki sa hannu ba, kika tsaya kina ja mini rai har asibitin nan ya kuɓuce, zan karɓe mabuɗin. Na ba ki shi ne ki tsare mini ƙofa, ba ki kulle ni a waje ba."

Dogo ya sunkuyar da kai yana gyara agogon hannunsa don kada a ga bakinsa. Ta gani duk da haka.

Da ta koma gida ta tarar maganar ta riga ta isa. Mahaifiyarta na zaune a bakin gado tana ninke wanki, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Me kuma kika yi wa Yaya?"

"Aiki ne, Inna. Ba abin da ya shafi gida."

"Ba abin da ya shafi gida, amma ni ake bugo wa waya. Matarsa ta kira, 'yarsa ta kira. Wai kin ce mijinta ta ɗakin aure ya shiga kamfani."

"Ƙarya na yi?"

"Ke dai bakinki ba shi da linzami. Ni ban san kwamfuta ba, amma na san yayana. In ya ce zai karɓe abu, zai karɓe, ko da kuwa daga baya ya zauna yana cizon yatsa. Ki bi a hankali. Miƙo mini zanen gadon can."

Ta miƙa mata. Maganar kuwa ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan.

Dogo ya gama aikinsa da wuri kamar yadda ya saba, ya aiko mata. A sama ya rubuta cewa ya yi dukan gwaje-gwaje, makunni a kunne da a kashe, babu wanda ya faɗi. Gaskiya ya faɗa, kuma a nan kuskuren yake.

Kamfanin na da tarin bayanai na gwaji da kowa ke amfani da su tun kafuwarsa. Al'adar gidan ce: ka yi gyara, ka gwada a kansu, in ya wuce ka aika. Amma waɗannan bayanai duk ta ƙofar ƙa'idoji suka shiga tun asali, saboda haka tsaf suke, babu gurɓatacce ko ɗaya. Gwada makunni a kashe a kansu daidai yake da sallamar mai gadi a gidan da ba ɓarawo a unguwar, sannan a ce ai ga shi ba a yi sata ba. Ba Dogo kaɗai ba, duk wanda ya tashi a ofishin nan haka zai yi, domin ba su taɓa zama da ƙazamin bayani a cikin rumbunsu ba.

Hukuma ta kashe makunnin, ta ƙirƙiro ledar jini ta ƙarya wadda ba ta da sakamakon gwaji, ta tura. Ta shige. Sannan ta tambayi manhajar ta kawo mata jerin ledojin da aka gwada. Jerin ya fito, ga ledar ƙaryar a ciki, zaune daram tsakanin na gaskiya.

Nan take ta gane dalili, don ita ta rubuta wurin da hannunta. Akwai sashen manhajar da ke neman gajeriyar hanya domin amsa ta fito da sauri. Idan aka tambaye shi ledojin da aka gwada, sai ya duba ya ga akwai ƙa'idar da ta ce kowace leda tana da gwaji. Sai ya ce, to me zai kai ni jadawalin gwaje-gwaje? Ya kwaso ledoji duka ya miƙa. Shekara da shekaru wannan dabara daidai take, domin ƙa'idar ba ta taɓa barci ba. Dogo ya saka makunni a bakin ƙofa, bai je ya gaya wa wancan sashen cewa yanzu ƙa'ida na iya zama rubutu kawai ba. Sashen ya ci gaba da yarda da ita ido rufe.

Abin da ya kamata ta yi a bayyane yake, kuma ba ya buƙatar ilimi. Ta rubuta abin da ta gani a ƙarƙashin aikin ta mayar masa, kamar yadda ake yi kullum. Ko ma ta juya kujerarta, domin bayansa na kusa da nata har in ya miƙe sai ya buge ta. Ta ɗora yatsunta a kan madannai za ta rubuta. Sai ta tuna bakin nan da ya ɓoye yana gyara agogo. In ta mayar masa a asirce, zai gyara kafin azahar, ya sake aikowa, ta sa hannu, a ce Dogo ya ceto kamfani. Ba wanda zai san ramin da ya haƙa sai ita da shi.

Ta goge ledar ƙaryar, ta rufe aikin, ta tashi ta haɗa shayi.

Kwanakin da suka biyo baya Dogo ya yi ta tambaya.

"Hukuma, an duba?"

"Ana dubawa."

"Ko kin ga wani abu ne?"

"In na gama za ka ji."

"Ai na ɗauka karatun naki ya fi haka sauri. Ko in karanto miki ne?"

Ta cusa abin saurare a kunnuwanta, ta ƙure sauti, haka take wuni ba ta jin abin da ake faɗa a ɗakin. Da Oga ya gaji ya leƙo da kansa, sai ta cire ɗaya ta yi magana a hankali, har da ladabi.

"Kawu, ni ina ganin a kira Likita a gwada a gabanta da bayanansu na gaske. In ya wuce, a nan take zan sa hannu kowa na gani."

Oga ya ji daɗi. Ya ɗauka ta sauko. Har ya ce wa matarsa a waya yarinyar nan dama ba ta da mugun nufi, zafin kai ne kawai.

Ranar gwajin aka kwashe tebura biyu aka yi fili, aka haska fuskar kwamfuta a jikin bango. Likita ta zo ita kaɗai, mace mai ƙarancin magana, ta ƙi shayi, ta ƙi lemo, ta zauna da jakarta a cinya. Dogo ya sa sabuwar riga. Ya kashe makunni, ya zuba tsofaffin bayanan asibitin, suka shige gaba ɗaya ba a tofar da ko ɗaya ba. Ya nuna yadda ake neman mai ba da jini, ya nuna yadda ake ganin abin da ya rage a firiji. Likita ta gyaɗa kai. Oga ya jingina da kujera yana kaɗa ƙafa.

"Saura sa hannu," in ji shi. "Uwata?"

"Tambaya ɗaya, Kawu." Ta miƙe tsaye, ko da yake ba wanda ya ce ta miƙe. "Malam Dogo, ce mata ta kawo ledojin da aka gwada."

Ya danna, jerin ya cika bango.

"Ɗauki ta saman nan. Buɗe jadawalin gwaje-gwaje ka nemo mana sakamakonta."

Ya nema. Babu. Ya sake rubuta lambar a hankali, ya sake nema. Babu.

"Wataƙila wannan ce kawai," in ji shi.

"To ɗauki wata. Zaɓi da kanka, kada a ce na yi maka rufa-ido."

Ta biyu tana da sakamako. Ta uku babu. Ta huɗu babu. Gumi ya fara tsattsafowa a wuyan sabuwar rigar. Sauran ma'aikata kuwa, kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Sai Hukuma ta juya wurin Likita ta yi bayani, dalla-dalla, ba gaggawa. Ta faɗi gajeriyar hanyar, ta faɗi yadda sashen ke yarda da ƙa'idar da aka kashe, ta faɗi bayanan gwajin da ba su da datti. Bayanin daidai ne daga farko har ƙarshe. Amma duk wanda ke ɗakin ya ji daɗin da ke cikin muryarta.

"Ke nan," ta ƙarasa, "manhajar za ta ce miki jini lafiyayye ne alhali ba wanda ya taɓa gwada shi. Wannan shi ne aikin da ake so in sa wa hannu."

Likita ba ta kalli bangon ba. Ita take kallo.

"Tun yaushe kika san haka?"

"Tun ranar da ya kawo mini. Kallo ɗaya na yi masa."

Likita ta buɗe jaka ta fito da waya. Ta yi magana da wani a asibiti, muryarta ba ta tashi ba. Ta ce a rufe kwamfutar ma'ajiya yanzu, kada kowa ya sake duba komai a cikinta. Ta ce duk ledar da ta fita a kwanakin nan a bi sawunta da hannu, ɗaya bayan ɗaya, a nemo takardar gwajinta, wadda ba a samu ba a sanar da ita ko tana kan hanya.

Hukuma ta matso kusa da ita. "Wace kwamfuta? Ai ban sa hannu ba. Bai shiga ba."

Dogo ne ya amsa, yana kallon madannai.

"Kwafin manhajar ne na koyo, da makunnin a ciki. Ba ya buƙatar sa hannu. Oga ya ce a kai musu su fara sabawa kafin ki gama dubawa. A ɗakin nan aka faɗa, kina zaune."

Tana zaune, kunnuwanta a toshe.

"Na ce musu na koyo ne," in ji Oga da sauri. "Likita, na faɗa, ba na aiki ba ne."

"Ka faɗa," in ji Likita. "Amma ka sa wa ma'aikaci kwamfuta mai amsa cikin ƙiftawar ido, da bayanansa na gaske a ciki, a gefe kuma ga tarin takardu, ga majinyaci na jira. Kai wanne za ka duba?" Ta rataya jakarta, ta nuna Dogo. "Wannan bai sani ba. Kai ka yi gaggawa. Su biyun na saba da irinsu, a asibiti ma muna da su." Ta dubi Hukuma. "Ke ce ban san inda zan ajiye ki ba. Kin ga rami a hanyar jini, kika rufe shi da tabarma kina jiran ranar taro."

"Ban san an kai muku ba."

"Da kin sani fa? Sai ki faɗa don mu. Da yake ba ki sani ba, sai kika yi shiru don shi. To ni ba na son lafiyar majinyatana ta rataya a kan wanda kike fushi da shi a wannan makon."

Oga ya bi ta har matakala yana ba da haƙuri. Ta ce ba ta yanke komai ba tukuna, yanzu jini ne a gabanta, ba kamfaninsa ba. Suka ji ƙarar takalminta har ƙasa.

Ya dawo bai kalli kowa ba. "Ke, zo."

Bai ce Uwata ba. Ta bi shi, ta rufe ƙofa, amma ƙofar katako ce marar kauri, kowa na ji.

"Kin kwance mini zani a gaban baƙuwa."

"Kai ka ce in nuna aibu da yatsa, Kawu. Na nuna."

"Na ce ki nuna a gyara. Ban ce ki ajiye shi kamar wuƙa a ƙarƙashin matashi ba. Sau nawa yaron nan ya tambaye ki? Sau nawa ni na tambaye ki? Kika dube ni da ladabin ƙarya kika ce a kira Likita."

"Shi ya haƙa ramin. Kai ka aika musu ba tare da ka jira ni ba. Ni ce kuma za a hukunta?"

"Ke ce mai mabuɗi."

"Shi kuma mijin 'yarka ne. Faɗi gaskiya mana, Kawu. Da ni na yi wannan kuskuren, da yanzu ina kan matakala da kayana a kwali."

"Kuskure ai kowa na yi. Ke ba kuskure kika yi ba, shiri kika yi."

A nan ya faɗi gaskiya. Ita ma ta faɗi gaskiya, domin Oga ya fi kowa laifi wajen aika kwafin, kuma ya fi son ya sauke fushinsa a kan 'yar ƙanwarsa da ya ɗauki nasa kason ko ya ɓata wa 'yarsa rai. Gaskiya biyu ne a ɗakin, kowa ya riƙe wadda za ta soki ɗan'uwansa. Ba ɗayansu da ya ambaci ledojin da ake bin sawunsu a can.

"Ki ba Dogo mabuɗin. Yau."

"Dogo? Wanda bai taɓa karanta sashen ba?"

"Zai karanta. Gara wanda zan tambaya ya ce mini bai sani ba, da wadda za ta sani ta ce mini ana dubawa."

"Za ka yi nadama."

"Na riga na fara. Je ki."

Mabuɗin ba ya canja hannu sai mai shi ya miƙa da kansa, haka ita ta tsara shi. Ta koma teburinta, ɗakin ya yi shiru in ban da ƙarar injin cire taya daga ƙasa. Ta shigar da kalmar sirrinta. Ta cire sunanta daga gurbin, ta sa nasa. Kwamfutar ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta daɗe tana kallon tambayar, sannan ta danna.

Kwamfutar Dogo ta yi ƙara a bayanta. Bai yi murna ba. Da safe da an ce masa mabuɗi zai zo hannunsa yau, da ya saya wa kowa lemo. Yanzu ya buɗe sashen gajeriyar hanya, wanda bai taɓa leƙawa ba, ya tarar da rubutu shafi bayan shafi, duk da salonta, babu bayani ko layi ɗaya domin ba ta taɓa tunanin wani zai karanta ba. Ya yi ƙasa, ya dawo sama, ya sake yin ƙasa. Wayarsa ta yi ƙara, matarsa ce, ya kife ta a tebur.

Can ya juyo da kujerarsa rabi, ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada sauran su ji.

"A ina ne wurin?"

Ba ta juyo ba.

"Wurin da yake yarda da ƙa'idar. Ke kin san shi. Nuna mini in toshe, ko a samu abin gaya wa matar nan gobe."

"Yana nan a ciki."

"Na san yana ciki. Wane shafi?"

"Kai ne mai mabuɗi, Malam Dogo. Mai mabuɗi ba ya tambayar ƙananan ma'aikata inda ƙofa take."

"Jini ne fa."

"Jini ne tun ranar da ka kai musu."

Ya dube ta, ya ga ƙeya kawai. Ya mayar da kujerarsa ya ci gaba da nema, yana bin layi da yatsa a fuskar kwamfuta kamar mai koyon karatu. Aikin da zai ci shi kwanaki, ita da ta miƙa hannu ta bayan kujera za ta taɓa wurin kafin shayi ya huce. Ta buɗe wani ƙaramin gyara da ya daɗe yana jiranta, na launin madanni, ta duƙufa a kansa.

Da lokacin tashi ya yi, sauran ma'aikata suka sulale ɗaya bayan ɗaya ba sallama. Aka bar su biyu, baya da baya, ramin yana nan a buɗe yadda yake.